Irin Shammam na Hale's Best: Abin da Na Gani Bayan Shuka Huɗu a Bayan Gida

Duk wanda ya saba sayen shammam a kasuwar 'Yan Lemo ko a hannun masu baro a titunan Kano ya san cewa ciniki ne na sa'a. Wata rana ka yanka ka tarar da zaƙi, wata rana kuma ka tarar da abu salam kamar ka tauna gurji. Yawancin wanda ake kawowa shi ne ruwan ɗorawa mai santsin ɓawo da farar tsoka, domin yana jure tafiya a mota da kwanaki a rumfa. Ɗaya nau'in, mai kaushin ɓawo da zane kamar an lulluɓe shi da raga, wanda cikinsa ke da launin gwanda da ƙamshi mai cika ɗaki, ba kasafai ake samunsa ba, kuma idan an samu galibi an tsinke shi tun bai kai ba. Wannan ne ya sa na yanke shawarar shuka nawa a ɗan filin da ke bayan gidana, wanda bai fi taku goma sha biyu a tsawo da takwas a faɗi ba, kuma irin da na yi amfani da shi shi ne Hale's Best.

Sunan ɗan itacen ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma yana da kyau mai neman irin ya san haka kafin ya shiga shago. Mu mun ari shammam daga Larabci, 'yan'uwanmu na Nijar suna cewa malo, a Amurka ana kiransa cantaloupe, a Ostareliya kuma rockmelon, saboda haka kowanne daga cikin waɗannan sunaye biyu na ƙarshe ka gani a jikin fakiti, abu ɗaya ake nufi. Hale's Best tsohon iri ne da ya fito a farkon shekarun 1920 daga kwarin Imperial da ke kudancin Kalifoniya, inda wani mutum mai suna I. D. Hale ya gan shi a lambun wani manomi ɗan asalin Japan, ya yaɗa shi har ya ɗauki sunansa. Abin da ya ja hankalina a wannan tarihi shi ne wurin da irin ya fito. Kwarin Imperial hamada ce mai tsananin zafi da bushewar iska, wadda noman cikinta ya dogara ga ruwan kogin Kolorado, wato noman rani ne irin wanda muka sani a Kadawa da Haɗeja. Na yi tunanin cewa irin da ya yi suna a irin wannan wuri ba zai yi baƙunta a bazararmu ba, kuma a wannan ɓangaren ban yi kuskure ba.

Sau biyu na sayi irin daga wani shagon kayan noma a cikin gari, kuma bambancin da ke tsakanin sayen biyu ya isa a yi magana a kansa. A karon farko mai shagon ya miƙo mini 'yar ƙullin leda marar rubutu, ya ce, "Alhaji, daga gwangwani muka ɗiba, iri ɗaya ne da na fakiti, sai dai wannan ya fi sauƙi." Na karɓa saboda arahar. Daga cikin ƙwaya talatin da na binne, goma sha ɗaya ne kawai suka tsiro. Ba zan ɗora laifin duka a kan ledar ba, domin lokacin da na zaɓa ma bai dace ba kamar yadda zan bayyana, amma irin da aka buɗe gwangwaninsa aka bar shi watanni a shago mai rufin kwano yana rasa ƙarfi, kuma ledar ba ta gaya maka shekarar da aka girbe shi. A karo na biyu na dage sai rufaffen fakiti mai ɗauke da kwanan wata. Kafin shuka na jera ƙwaya goma a cikin jiƙaƙƙen tsumma na ajiye a wuri mai ɗumi, kuma a rana ta huɗu tara sun fasa. Kuɗin fakitin bai kai na shammam uku a bakin titi ba, saboda haka arahar ƙullin ledar ba ta da wata ma'ana.

Babban aibin fakitin shi ne bayanin da ke bayansa, wanda ba don mu aka rubuta shi ba. An ce a shuka bayan wucewar sanyin da ke daskarar da ruwa, an kuma ce a jira ƙasa ta yi ɗumi, alhali mu ba mu da irin wannan sanyin balle mu jira wucewarsa. Mai shagon ma tun a sayen farko bai iya gaya mini watan da ya dace ba, ya dai ce, "Ai duk lokacin da kake da ruwa." Da wannan fatawa na yi shukar farko a ƙarshen Nuwamban 2022, daidai lokacin da hunturu ke shigowa. Irin shammam yana son ƙasa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30 kafin ya tsiro da sauri, a Disamba da Janairu kuwa daren Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15. Tsiron da ya kamata ya leƙo cikin kwana biyar ko shida ya ɗauki kusan mako biyu, kuma da ya fito sai ya tsaya cak, ganye ƙanana, yaɗo ba kuzari. Kafin ya yi fure sosai sai wata farar fumfuna ta bayyana a kan ganyen, kamar an barbaɗa masa garin rogo. Ta fara daga tsofaffin ganyen da ke kusa da gindi, ta bi yaɗon har ganyen suka bushe suna karyewa a hannu. 'Ya'ya huɗu na samu a wannan shukar, kowanne bai fi lemon taba ba, kuma babu wanda ya yi zaƙi.

Daga baya na gane cewa wannan cuta tsohon rauni ce ga Hale's Best. Ita ce ta addabi gonakin kwarin Imperial jim kaɗan bayan irin ya yaɗu, har masu bincike na ma'aikatar noma ta Amurka suka haɗa shi da wani iri daga Indiya mai jure mata, suka fitar da sabon iri mai jure fumfunar da ake kira PMR 45 a tsakiyar shekarun 1930. Wannan fumfuna ta bambanta da sauran, domin ba ta buƙatar ruwan sama ya jiƙa ganye. Matsakaicin zafi da inuwa da cunkoson ganye take so, kuma iska ce ke ɗaukar ta daga lambu zuwa lambu, shi ya sa hunturu ya zame mata lokacin cin kasuwa. Da mai shagon ya faɗi mini wannan tun farko, da ya cece ni asarar wata uku.

Shuka ta biyu ita ce ta nuna mini ainihin abin da irin zai iya yi, kuma wanda ya ɗora ni a hanya wani dattijo ne da ya shafe rayuwarsa yana lambu a fadama, wanda yanzu yake gadi a layinmu. Na nuna masa busassun ganyen na ce, "Baba, me na yi ba daidai ba?" Ya murza ganyen a tafin hannunsa ya ce, "Yaro, wannan ɗan rana ne. Ka bari sai ka daina neman bargo da asuba, sannan ka binne." Na bi maganarsa na shuka a ranar 5 ga Fabrairun 2023.

Na haƙa ramuka takwas, kowanne zurfin kamu biyu, da tazarar babban taku ɗaya tsakaninsu. A kowane rami na zuba kwano biyu na kashin awaki da ya shekara ya ruɓe sarai, da ɗan jimƙin toka, na cakuɗa da ƙasar wurin, wadda jigawa ce mai saurin tsotse ruwa, irin wadda shammam ya fi so. Wanda bayan gidansa laka ce gara ya ɗaga kunya ko ya yi amfani da buhu, domin saiwar ba ta jure kwanciyar ruwa. Na binne ƙwaya uku a kowane rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, kuma a rana ta shida kusan duka sun fito. Da suka yi ganye na gaskiya guda uku sai na cire mafi rauni na bar biyu. A mako na uku na zagaya kowane gindi da cokali ɗaya na takin kamfa, nesa kaɗan da karan, ban kuma ƙara yuriya ba, saboda yawanta yana sa shuka ta tafi a ganye ta manta da 'ya'ya. Ƙasar kuwa na rufe ta da buntun shinkafa don ta riƙe danshi. A nan ma sai da na koyi darasi, domin busasshiyar ciyawar da na fara shimfiɗawa gara ta gayyato.

A wajen mako na biyar furanni suka fara buɗewa, ruwan ɗorawa, ƙanana, suna faɗuwa kowace yamma ba tare da sun bar komai ba. Uwargida ta duba ta ce da alama an sake sayar mini da irin banza. Ba haka ba ne. Shammam yakan fara da furen namiji zalla na tsawon mako guda ko fiye, sannan masu haihuwa su biyo baya a kan rassan gefe, kuma ana gane su da ɗan ƙullutu mai gashi-gashi da ke bayan furen, kamar ƙwayar gyaɗa. Kowane fure yini ɗaya yake yi a buɗe, kuma idan ƙudan zuma bai kawo masa garin namijin ba a wannan safiyar, ƙullutun zai yi rawaya ya faɗi. A tsakiyar gari, cikin gida mai katanga, zuma ba ta da yawa, saboda haka na riƙa yin aikinta da hannuna. Bayan na dawo daga masallaci rana ta ɗan ɗaga, sai in tsinki furen namiji, in cire masa fatun gefe ya rage tsinken tsakiya, in goga shi a hankali cikin furen mai ƙullutu. Bayan kwana uku ko huɗu, wanda ya kama za ka ga ya kumbura ya sunkuya ƙasa. Na bar 'ya'ya biyu ko uku a kowace shuka na cire sauran, duk da cewa hannu ba ya son yin hakan.

Abokin gaba na gaske a wannan lokaci shi ne ƙudan da ke huda 'ya'yan kankana da kabewa. Macen takan soki ɗan tun yana ƙarami mai laushin fata ta zuba ƙwai, wurin ya fitar da ɗan ɗigon ƙaro, bayan kwanaki kuma ka taɓa ka ji ya lotsa, cikinsa cike da fararen tsutsotsi. Hale's Best ba shi da wata kariya daga gare shi. Da yake yara na wasa a wurin kuma ba na son feshin da zai kashe 'yan zumar da suka rage, sai uwargida, wadda zuwa lokacin ta sauya ra'ayi, ta ba ni tsofaffin gyalenta guda biyu. Muka yayyanka su muka ɗinka 'yan jakunkuna, duk ɗan da ya kama sai mu sa shi a ciki mu ɗaure bakin sako-sako. Daga cikin waɗanda muka rufe ɗaya kawai muka rasa, daga cikin biyar da muka bari a buɗe don gwaji kuwa uku sun ruɓe. Duk wanda ya ruɓe na binne shi da zurfi, domin idan aka yar da shi a gefe tsutsar ƙasa take shiga ta fito a matsayin sabon ƙuda. Darɓa ma ta taso a bayan ganye sau ɗaya, amma ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da ɗan sabulu, wanda na fesa da yamma sau biyu, ya kwantar da ita.

Batun ruwa shi ne wurin da mai shuka a gida ya kamata ya yi lissafi kafin ya fara. A tsakiyar Maris zuwa Afrilu, lokacin da 'ya'yan ke girma kuma zafin rana ke kusantar digiri 40, ramukan nan takwas suna shan jarka biyu zuwa uku masu lita 25 a kowace rana. Wanda ke da rijiya ko burtsatse ba zai ji ba, amma wanda ke saye a hannun 'yan garuwa zai iya tarar da cewa kuɗin ruwan ya fi kuɗin shammam ɗin. A gindi nake zubawa da sassafe, ba a kan ganye ba. Da zanen ragar ya gama fitowa a jikin ɓawon, na ɗora kowane ɗa a kan tsingaro ko sakaina don kada cikinsa ya kwanta a danshi, na kuma ja ganye na rufe waɗanda rana ke duka kai tsaye, saboda ranar Afrilu tana ƙona gefen da ya fuskance ta ya yi fari ya mutu. A kwana goma na ƙarshe na rage ruwan zuwa kusan rabi bisa shawarar dattijon nan, wanda ya ce mai yawan ban ruwa a ƙarshe ruwa yake girba ba zaƙi ba.

Na farko ya nuna kwana uku bayan ƙaramar Sallah, wato kwana 78 daga shuka, ƙasa kaɗan da kwana 85 da aka rubuta a fakiti. Ba sai an ƙwanƙwasa shi kamar kankana ba. Launin da ke ƙarƙashin ragar yakan juya daga kore zuwa ruwan ƙasa mai haske, ƙamshi ya fara tashi tun kana tsaye, sannan wata 'yar tsaga ta zagaye wurin da igiyar ta kama ɗan. Na ɗora babban yatsa na ɗan tura, sai igiyar ta saki da kanta ta bar rami mai santsi kamar cibiya. Wannan sakin shi ne dukan dalilin shuka wannan iri a gida. Shammam ba ya ajiye sitaci a jikinsa kamar ayaba ko mangwaro, saboda haka sukarinsa daga ganye yake zuwa, mafi yawa a kwanakin ƙarshe, kuma da zarar an raba shi da uwar ba ya ƙara zaƙi ko kaɗan, sai dai ya yi laushi. Ɗan kasuwa ba zai iya jiran wannan rana ba domin kayansa za su lalace a hanya, mai bayan gida kuwa zai iya.

Da muka yanka, tsokar mai kauri ce, launinta tsakanin gwanda da karas, ramin 'ya'yan bai cika faɗi ba, ruwan yana bin wuƙa. Zaƙin ba irin na sukari zalla ba ne kamar na mai santsin ɓawon nan, yana tafe da ƙamshi mai nauyi wanda yake daɗewa a baki, har wani maƙwabcina da na aika wa rabi ya ce ya yi masa ƙarfi. Cikin mako biyu mun tsinki 29, mafi girma ya kusa kilo biyu, yawancinsu kuma tsakanin kilo ɗaya da ɗaya da rabi. Matsalar ita ce tare suke nuna kuma ba sa jira. Wanda aka tsinka da safe aka bari a ɗaki, zuwa rana ta uku ya fara laushi, ƙamshin ya juya kamar na abin da ya fara tsami. Da wutar lantarki irin tamu ba a dogara da firji, saboda haka fiye da rabi rabawa muka yi. Wanda ke son sayarwa, wannan ba irinsa ba ne, kuma mai shuka don gida gara ya raba shukarsa biyu da tazarar kwana goma.

Akwai kuma abin da ya shafi lafiya. Kaushin ɓawon yana riƙe ƙasa da ƙwayoyin cuta, wuƙa kuma tana jan su zuwa cikin tsoka. A 2011 cutar listeriya da aka samo daga irin wannan shammam a jihar Kolorado ta kashe mutum 33 a Amurka, a 2018 kuma ta kashe bakwai a Ostareliya. Saboda haka ɗanyen kashin dabbobi da ruwan kwata ba su dace da shi ba, kuma kafin yanka ina wanke ɓawon da ruwa mai tsabta ina gogawa da soso.

Shuka ta uku, wadda na yi a Yuni don in huta da ban ruwa, ba ta cancanci dogon bayani ba. Yaɗon ya yi kyau ƙwarai a watan farko, daga nan ganyen suka cika da tabo, ƙudan nan mai huda 'ya'ya ya ninka, 'ya'yan da suka tsira kuma ruwan Agusta ya tsattsage su, waɗanda ba su tsage ba suka fito lami.

Abu na ƙarshe da ake yabon Hale's Best da shi shi ne cewa ba haɗaɗɗen iri ba ne irin waɗanda ake rubuta wa F1, saboda haka ana iya ajiye 'ya'yansa a sake shukawa. Na wanke na mafi zaƙi daga girbin Afrilu, na shanya su a inuwa, na zuba a kwalba da ɗan toka, na shuka su a Fabrairun 2024. Sun tsiro da kyau fiye da na shago, kuma yawancinsu sun fito kamar iyayensu, amma gindi uku sun haifi wasu dogaye masu rabin santsi da tsoka fara-fara. Dalilin bai wuce buhunan da maƙwabcina ya jera a bayan katangarmu a shekarar da ta gabata ba, inda ya shuka mai santsin ɓawo. Nau'o'in shammam duka, har da gurji, jinsi ɗaya ne kuma zuma tana haɗa su, sabanin kankana da kokwamba waɗanda ba sa haɗuwa da shi duk da abin da ake yawan faɗa. A shuka mai zuwa zan koma ga rufaffen fakiti, kuma na riga na gaya wa mai shagon ya nemo mini wanda aka rubuta wa PMR a jikinsa, domin ina so in gwada rami huɗu a farkon Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, in ga ko za su nuna kafin sanyin Disamba ya kama su.